Aiken baƙon da ba ya tambaya

A watan da na fara tattara matanin da zan gina kundin digirina na biyu a kansu, wani abokina mai rubuta manhaja ya ce zai sauƙaƙa mini wahala. Ya haɗa mini abin da zan kira ɗan aiken na'ura: ƙirƙirarriyar basira ce wadda ake tambaya da harshen mutane, ita kuwa ta zaɓi ɗaya daga cikin kayan aikin da aka tanadar mata ta nemo amsa. Kayan aiki biyu ya ba shi. Ɗaya na duba jerin kalmomin da na yi wa fassara, ɗaya na bincike a cikin matanin kansu, waɗanda suka haɗa rubuce-rubucen Nijar da na Najeriya.

Ɗan aiken ba ya ganin cikin waɗannan kayan. Abin da ake nuna masa suna ne, da ƴan jimloli na bayani, da jerin guraben da zai cika. Haka tsarin yake tun lokacin da kamfanin OpenAI ya fito da wannan hanya a Yunin 2023, haka kuma yake a ƙa'idar MCP da kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024. Ke nan duk hukuncin da zai yanke a kan ƴan jimlolin nan ya rataya. Abokina kuwa, a gaggauce, ga ma'anar abin da ya rubuta da Faransanci: na farko yana neman kalma, na biyu yana neman kalma a cikin rubutu.

Wata rana na tambaye shi sau nawa kalmar "ƴaƴa" ta fito. Ya ba ni adadi ƙarami, cikin lafazi mai daɗi, ba tare da wata tantama ba. Na rubuta adadin a babin da na miƙa wa malamina. Shi ne ya ɗaga gira ya ce: "Kai, matanin Kano duk ba su haihu ba?" Sai a lokacin na tuna abin da kowane ɗalibin ajin farko ya sani: mu a Nijar da ƴ muke rubutawa, maƙwabtanmu kuwa da 'y. Kayan binciken harafi da harafi yake kwatantawa, bayaninsa kuma bai faɗi haka ba. Rabin matanina ya tsallake. Kunyar ranar ba ta sake ni ba har yanzu.

Da farko na'urar na zarga. Da na sake karanta jimlolin abokina sai na ga ba ƙarya a cikinsu ko kaɗan, kuma nan ne matsalar take. Idan uwa ta aiki ɗanta kasuwa ta ce ya sayo gari, bai tsaya tunanin ko birni take nufi, don ya san tukunya na kan murhu. In ma ya rikice, zai dawo ya tambaya. Matambayi ba ya ɓata. Wannan ɗan aike baƙo ne a gidan, bai ga murhu ba, kuma sau da yawa ba ya dawowa: abin da ya samu shi yake kawowa da gaba gaɗi.

A nan darasin da muke haddacewa don jarrabawa ya zame mini ma'auni. Paul Grice, a maƙalarsa ta 1975, ya ce masu zance suna tafiya ne bisa haɗin kai: ka faɗi daidai gwargwadon abin da ake buƙata, ka faɗi gaskiya, ka tsaya kan batu, ka fito fili. Bayanin abokina ya ci jarrabawar gaskiya, ya faɗi ta gwargwado. Bai ce yaushe ake ɗaukar wannan a bar wancan ba. Bai ce "baki" da "baƙi" kalmomi biyu ne a wurinsa ba. Mafi muni, bai ce me amsar wofi take nufi ba: babu kalmar ne, ko kuwa babu ta a wannan rubutun? A ganina wannan ne babban abin da ake gane nagartar bayani da shi, wato ya faɗi inda kayan aikin ya tsaya. Masu ƙamus sun daɗe da sanin haka; fassarar da ba ta raba kalma da maƙwabciyarta ba, ba ta yi aiki ba.

Sai muka zarce gona da iri. Muka rubuta kusan shafi guda ga kowanne, har da tarihin rubutun boko. Ɗan aiken ya shiga kiran kayan binciken ko da ma'anar kalma kawai aka tambaya, wataƙila don bayaninsa ya ambaci kome da kome. Grice ɗin dai ya hana wuce gwargwado kamar yadda ya hana gazawa. Shi ya sa ban yarda da masu auna bayani da tsawonsa ko da cika sharuɗɗan wata takarda ba. Marubucin bayani ma shi ne mafi rashin dacewa ya yi masa alƙalanci, tunda abin da ya manta bai rubuta ba yana nan cikin kansa, idonsa kuma zai karanta shi a inda babu shi.

Dabarar da muka koma gare ta ba ta da tsada. Na rubuta tambayoyi ashirin irin waɗanda nake yi da gaske. Na miƙa su tare da bayanan biyu ga wata ɗaliba ƴar Tawa da ba ta san kome game da aikina ba, na ce ba ta da izinin tambayata. Ta nuna kayan da za ta ɗauka da abin da za ta rubuta a gurbi. Duk inda ta yi jinkiri muka sa alama. Da muka gwada tambayoyin a kan na'ura, kusan a wuraren nan ne ita ma ta yi tuntuɓe.

Bayanin kayan binciken yanzu jimla huɗu ne. Ta uku tana cewa a nemi kalma da rubutun Nijar da na Najeriya duka kafin a ba da adadi. Ta huɗu ɗalibar ce ta sa muka ƙara, bayan ta tambaye ni, da aka gama gwaji, me zai faru da matanin da aka buga a wayar da ba ta da haruffa masu lanƙwasa. Na duba, na tarar da goma sha ɗaya irinsu a cikin tarina, kuma babin nan sai na sake ƙidaya shi karo na uku.