Olsar da Ba Olsa Ba

Mu ma'aikatan ɗakin kati ba ma ganin majinyaci, takardarsa kawai ke zuwa hannunmu. Kusan duk mai zafin ciki cewa yake olsa ce, likita ma in layi ya yi tsawo haka zai rubuta. Sai rigimar ta faɗo kanmu. A kundin ICD-10 na Hukumar Lafiya ta Duniya, gyambon tumbi lambarsa K25. Kumburin fatar tumbi da ya taso farat ɗaya kuwa K29.1 ne, in da zubar jini K29.0. Ba a tantance su sosai sai an zura kyamara ta baki, kuɗinta kuma ya fi ƙarfin talaka.

Katin wani mai buga bulo ya tsaya mana a rai. A ƙasan shafi nas ta rubuta cewa kullum yana shan diclofenac kafin ya karya kumallo. Muka mayar da katin.

"Likita, don Allah a sake dubawa."

Ya duba, ya gyara, muka sauya lamba. Amma mutumin ya riga ya tafi gida da sunan olsa a bakinsa, katin kuma bai nuna an hana shi ƙwayar ba.