Shin Kwatano ta Dace da Matashi Mai Ilimi?

Ana gab da kiran sallar isha'i saƙon ya shigo wayarsa, yana zaune bisa bencin wani mai shayi a unguwar Zango ta birnin Kwatano. Ƙanensa ne daga Maraɗi, wanda ya ƙare karatun lissafin kuɗi a jami'a, ya kuma share shekara guda yana yawo da takardun neman aiki daga wannan biro zuwa wancan. Saƙon gajere ne: "Yaya, don Allah ka gaya mini gaskiya. In taho Kwatano ko in zauna? Inna ta ce abin da ka faɗa shi za a yi."

Kwana uku ya yi bai mayar da amsa ba. Da a ce baƙo ne ya yi masa wannan tambaya, da ya yabi iskar teku da arahar kifi ya sallame shi. Amma wanda ya tambaya ɗan uwarsa ne, kuma tsohuwa ta ɗora masa alhakin hukuncin. Dole ya zauna ya auna shekarun da ya yi a garin, daɗinsu da ɗacinsu, kamar yadda ɗan kasuwa ke lissafin ƙarshen shekara.

A shekarar 2017 ya sauka Kwatano, yana da shekara 27, da takardar shaidar karatun harkar sufuri a jakarsa. Hanyar da iyayensa da kakanninsa suka bi ita ya biyo: Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, Gaya, ya haye gadar kogin Isa zuwa Malanbil, daga nan fiye da kilomita 700 ta Kandi da Paraku har bakin teku. Wani Alhajin Maraɗi, abokin kawunsa, shi ya sama masa gurbi a wani biro da ke fitar wa ƴan kasuwar Nijar kaya daga tashar jiragen ruwa. Aikinsa bin takardun duwan, da biyan kuɗin tasha, da tabbatar da cewa kwantenar shinkafa ko ta atamfa ta hau mota ta kama hanyar arewa.

Abin da ya fara ba shi mamaki shi ne sauƙin shiga garin. Kuɗin aljihunsa sefa ne, kuɗin garin ma sefa ne, babu mai canji tsakaninsa da albashinsa. Faransancin da ya koya a lise shi ake magana da shi a biro da banki da asibiti. Ranar Juma'arsa ta farko ya je babban masallacin Zango, ya ji Hausa da Zabarmanci ta ko'ina, kafin ya fito ya gamu da mutane biyu da suka san mahaifinsa. Ba kowane birnin bakin teku ke yi wa ɗan Nijar irin wannan tarba ba.

Girman garin ma ya yi masa daidai. Ƙidayar 2013 ta sami mutum 679,012 a cikin Kwatano, adadin da bai kai na Yamai ba. Birni ne mai tashar jiragen ruwa tun 1965, da filin jirgin sama, da bankuna, da fadar shugaban ƙasa, ko da yake a takarda Porto-Nobo ce babban birnin Benin, a can kuma majalisar dokoki take. Duk da haka mutum na iya ratsa shi daga gabas zuwa yamma a bayan ɗan kabu-kabu, waɗanda a nan ake kira zemijan, masu rigar ruwan ɗorawa, ba tare da ya ɓata yininsa ba. Legas na nan gabas, tafiyar kilomita 120 ko kusa da haka. Lome na yamma, kimanin 150. Wanda ya taɓa kwana cikin cunkoson Legas ya san darajar garin da za a bar biro da la'asar a sami magariba a gida. A watan Afrilu, lokacin da Maraɗi ke wuce digiri 40, shi yana tafiya bakin ruwa a Fijirose da yamma, iska na kaɗa masa riga.

Sai dai hoton bakin teku da ya riƙa aikawa gida bai nuna sauran lissafin ba. Kwatano na zaune ne bisa siririn yashi tsakanin teku da tafkin Nokuwe, ba ta da wurin faɗaɗa, don haka ɗaki na da tsada. Kafin ya karɓi mabuɗi sai da ya haɗa kuɗin ajiya da hayar watanni da ladan dillali, abin da ya cinye albashinsa na farko da na biyu. Da ya yi aure ya nemi ɗaki biyu, sai ya koma Abome-Kalabi kamar dubban ma'aikata irinsa, nan ya gane cewa sauƙin ratsa gari na mai zama cikin gari ne. Shi kam kullum da asuba yake fita don ya riga cunkoso. Damana biyu ake yi a shekara, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama wajen Satumba da Oktoba, ruwan da ke zuba kuwa ya ninka na Maraɗi fiye da sau biyu. Maƙwabta sun nuna masa shatin da ambaliyar 2010 ta bari a bangon gidaje, ya koyi cewa ba a kama haya da rani sai an tambayi inda ruwa ke kaiwa da damana. Laima ta sa babbar rigarsa ta Sallah ta yi fumfuna cikin akwati, gishirin iska ya cinye ƙarfen babur ɗinsa, sauro kuwa ba shi da hutu, ba kamar na gida da hunturu ke kora ba. Gero ya zama abin marmari. Tuwon masara da manja da kifi suka maye gurbin fura.

Akwai kuma wani bango da ido ba ya gani. Faransanci na buɗe ƙofar biro, amma hira da ciniki da raha duk da harshen Fon ake yin su. Jami'ar Abome-Kalabi na yaye ɗaruruwan matasa masu irin takardarsa kowace shekara, kowannensu na da abokin aji ko ɗan uwa a wani kamfani. Aikin gwamnati na ƴan ƙasa ne. Mafi ƙarancin albashi, wanda aka ɗaga zuwa sefa 52,000 a farkon 2023, na nuna cewa garin ba ya biyan ilimi da tsada. Shi bai ji zafin wannan gasa ba a shekarun farko, domin bai shiga cikinta ba. Ubangidansa ɗan Nijar ne, masu kayan ƴan Nijar ne, direbobin ma haka. Yana kwana a Benin, amma abincinsa ta gadar Gaya yake biyowa.

Kawunsa, tsohon ma'aikacin gidan waya, ya taɓa jan kunnensa kan wannan tun ranar da ya je yi masa ban kwana. Ya ce masa: "Ɗana, ina aji huɗu a ƙarshen 1963 muka wayi gari babu malaminmu. Mutumin Dahome ne. Rigimar tsibirin Lete ta tashi, aka sallami ma'aikatan Dahome daga Nijar, su kuma suka toshe mana hanyar teku. Malamin nan bai zagi kowa ba, bai san ma inda Lete take ba. Ka je, Allah ya tsare, amma ka riƙa tunawa da shi." Ya amsa da "To, Kawu" cikin ladabi, a ransa kuwa yana ganin labarin tsofaffi ne, tunda kotun duniya ta raba gardamar tsibirin tun 2005.

Gargaɗi na farko ya zo a watan Agustan 2019, da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa har zuwa Disamban 2020. Kayan da ke sauka Kwatano, shinkafa da motocin hannu musamman, da yawansu kasuwar Najeriya suke nufa, wasu kai tsaye, wasu ta Maraɗi. Aiki ya ragu, aka jinkirta albashi, amma biron bai rufe ba. A wannan zaman kashe wando ne ya fara zuwa darasin dare na lissafin kuɗi, ya kuma riƙa taimaka wa wani maƙwabcinsa ɗan Benin, mai sayen ƙwallon kashu da waken soya, wajen tsara littattafansa. Don rage zaman banza ya yi haka, bai san yana haƙa rijiya ba ne tun kafin ƙishirwa.

Ran 26 ga Yulin 2023 sojoji suka karɓi mulki a Yamai. Ran 30 ga wata ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya. Manyan motoci suka yi layi na kilomitoci a Malanbil, kwantenonin ƴan Nijar suka cika tasha, kuɗin ajiyarsu na ƙaruwa kowace safiya. Wayarsa ba ta daina ƙara ba, Alhazai na tambayar kayansu, shi kuwa ba shi da abin faɗa sai haƙuri. A Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar nata a rufe. Kayan Nijar suka koma bin tashar Lome, su ratsa Burkina Faso da rakiyar sojoji, hanya mai nisa da tsada da haɗari. Daga cikin mutum tara da ke bironsu, huɗu suka bi aikin zuwa Lome, uku suka koma gida. Ubangidan ya biya abin da ya sawwaƙa, ya mayar da mabuɗi ga mai gida.

A cikin wannan hali, a watan Oktoban 2023, aka kira shi cewa jikin mahaifinsa ya yi tsanani. Tafiyar da ya saba yi cikin kwana ɗaya da yini ta ɗauke shi kwana huɗu. A Malanbil ya sauka daga mota, ya bi sahun fasinjoji zuwa bakin kogi, ya shiga kwalekwale da jakarsa bisa cinya, gadar na tsaye a gefe babu mai takawa. Ya isa Maraɗi ya tarar da tabarmi a ƙofar gida. Kawunsa ne ya tarbe shi, ya riƙe hannunsa ya daɗe, bai ambaci malamin Dahome ba.

Ya koma Kwatano domin matarsa da ɗiyarsa na can, kuma maƙwabcin nan mai kashu ya ɗauke shi aiki. Albashin bai kai na da ba, amma ba ya jiran wata gada. A sabon wurin ne ya fara jin Fon har yana mayar da raha, ya san mutanen da ke kai kaya masana'antun Gulo-Jigbe, kimanin kilomita 45 arewa da birnin, inda ake sarrafa auduga da kashu. Sai bayan shekara shida da zuwansa ya ji ya shigo garin da gaske.

A dare na uku ya ɗauki waya ya rubuta wa ƙanensa:

"Ƙanena, gari ne mai kyau, ba zan ɓoye maka ba. Bai kai Legas hayaniya ba, ba ya haɗiye mutum, akwai masallaci da ƴan uwa, kuɗinmu ɗaya tunda har bayan fitarmu daga CEDEAO a Janairun 2025 sefar ba ta canza ba. Amma kada ka taho don ni, kada ka taho don Alhaji wane ya ce zai sama maka wuri cikin harkar kayan Nijar. Na ci wannan abinci, na san ranar da yake yankewa. Iliminka na lissafi ya fi nawa tafiya, domin ko'ina ana buƙatarsa. Ka nema daga nan inda kake, wurin kamfanonin da cinikinsu ke cikin Benin, zan kai maka takardu da hannuna. In an kira ka, ka taho da guzurin wata shida, ka sauka wurina har ka ga damana ɗaya da idonka, ka kuma ɗaura niyyar koyon harshen mutane. In ba a kira ka ba, zaman Maraɗi tare da nema ya fi zaman Zango tare da jira. Abu na ƙarshe: ni ban sami Baba ba. In ka taho, mu biyu ke nan a bayan kogi, Inna kuwa tana tsufa. Ka zauna da ita da Kawu ku yi wannan magana tukuna, domin wannan ɓangaren lissafin ba ni zan yi maka shi ba."

Ya karanta sau biyu ya aika. Da gari ya waye ya tarar da amsa. Ƙanen ya turo takardunsa duka, a ƙasansu kuma ya rubuta: "Na karanta wa Inna. Ta yi shiru, sannan ta ce in gaya maka ka kai takardun, kuma in za ka zo Sallah ka taho mata da jikanyarta."

Ya buga takardun a wani shago da ke bakin titi, ya sa su cikin leda saboda hadarin da ya haɗo daga wajen teku, ya tsayar da ɗan zemijan.