Auta, kina cikin makaranta?

Muna ɗalibai ba mu san gatan da muke ciki ba. Mu zauna a laburaren jami'a, mu danna maƙala a IEEE Xplore, ta buɗe daga farko har ƙarshe. Ashe shafin ba mu ya sani ba, adireshin intanet na jami'ar yake ganewa, ita ce ta biya kuɗin shekara.

Yau manhaja muke rubutawa. Aiki ya cije kan wata dabarar matse bayanai, mun gano maƙalar, amma tsakure kawai ake nuna mana, sauran sai an biya da dala. Mun leƙa arXiv, babu. Mun tura wa marubucin saƙo, shiru. Dole muka kira ƙanwarmu da ke aji uku, wadda kullum muke wa faɗan rashin shiga laburare.