Gwani da Rufe Ido

Daga cikin abubuwan da tsawon kwana ya nuna mini, kaɗan ne suka kai wannan ban mamaki, watau yadda ɗan Adam yake amincewa da harshensa da kunnensa da hancinsa har ya rantse a kansu, alhali kuwa sau da yawa sunan da aka ambata masa da kuɗin da aka yanka masa sun riga su isa zuciya, sun yanke hukunci tun shaidu ba su zauna ba. Na yi zama da dillalan turare, da masu awon zuma, da matan da suka san shadda, kowannensu yana da'awar ko cikin duhun dare aka miƙo masa zai rarrabe na gari da jabu. Amma ban cika ganin wanda ya yarda a kashe fitilar ba.

Turawa kuwa, da yake suna da naci wajen gwaji, sun kashe ta. An yi wani masassaƙin goge a Kiremona ta ƙasar Italiya, Antonio Stradivari, wanda ya mutu a 1737, makaɗan Turai suka zama kamar sun yi ijma'i a kan cewa ba a sake yin hannu irin nasa ba, har a 2011 aka sayar da gogensa guda a kan fam miliyan 9.8. To, a 2010, a birnin Indiyanapolis na Amurka, wata masaniyar ilmin sauti mai suna Claudia Fritz, da wani masassaƙin goge na wannan zamani, Joseph Curtin, suka gayyato makaɗa 21, suka ajiye musu goge 6, uku tsofaffin Italiya, biyu daga ciki na Stradivari, uku kuma sababbi. Aka rage hasken ɗaki, aka sa wa kowane makaɗi baƙin tabarau irin na masu walda, aka kuma ɗiga turare a mazaunin haɓa don kada ƙamshin tsohon katako ya tona asiri. Da aka ce kowa ya nuna wanda zai so ya tafi gida da shi, mutum 13 suka ɗauki sabo, wanda aka fi ƙi kuwa na Stradivari ne. Mutane suka ce ai ɗaki ne ƙarami, ba a ba gogen haƙƙinsa ba, sai aka maimaita a 2012 kusa da Paris, har da babban zaure, da mashahuran makaɗa 10 da goge 12. Shida suka sake zaɓen sabo, wajen faɗin wanne ne tsoho kuma ba su fi mai canki ba.

Ni dai ban tuhumi makaɗan nan da ƙarya ba. Wanda aka ce masa ga gogen Stradivari, daɗin da yake ji na haƙiƙa ne a wurinsa, sai dai rabinsa daga kunne ya zo, rabi daga girmamawa, shi kuma ba shi da ikon raba su, kamar yadda ba a iya tsame gishiri daga miya bayan ta dahu. Abin da yake ɗauka yaƙini ne, a ma'aunin malamai zanni ne kawai.

Amma kada mai karatu ya zarce ya ce ashe babu gwani a duniya, domin irin wannan jarrabawar ita ce kuma take fito da na ƙwarai fili. An ruwaito cewa da Imamu Buhari ya shiga Bagadaza, muhaddisan garin suka ɗauki hadisi 100, suka sauya musu isnadi, suka ɗora na wannan a kan matanin wancan, suka raba wa mutum goma, kowa goma, suka karanto masa a bainar jama'a. Shi kuwa kowanne aka kawo sai ya ce bai san shi ba, har jahilai suka fara raina shi, sa'an nan da suka ƙare ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da kowane matani ga isnadinsa. Sunayen manyan maruwaita duk suna nan a cikin abin da aka karanto, amma ba su ruɗe shi ba.

Haka nan wata masaniya a Rothamsted ta Ingila, Muriel Bristol, ta ce tana gane ko madara aka fara zubawa a kofi ko shayi, aka yi mata dariya. Wani masani mai suna Ronald Fisher ya tsara kofi 8, huɗu ta kowace hanya, aka cuɗanya su, ya lissafa cewa mai canki sau ɗaya cikin 70 zai dace da duka; an ce ta ci. A littafin da ya fitar a 1935 ya shimfiɗa wannan ƙa'ida, masu bincike suna binta har yau.

Saboda haka, ya kai ɗana, in wani ya ce maka harshensa ba ya kuskuren zumar wuri kaza, kada ka yi masa musu, kada kuma ka biya tukuna. Zuba iri biyu a kofuna masu kama ɗaya, ka sa yaron da shi ma bai san wanne ne wanne ba ya miƙa masa, don fuskar mai miƙawa tana ba da satar amsa; kuma a maimaita sau da yawa, gama wanda aka ba kofi biyu sau ɗaya tak, ko harshensa a mace yake, yana da rabin damar dacewa.