Gandayen Sarki a Fanisau

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ɗan fili in ba 'yan'uwa labarin Fanisau, arewa da birnin Kano, inda na je ran Lahadi.

Garin nan ribaɗi ne na Sarkin Kano Ibrahim Dabo, zamanin yaƙinsa da Ɗan Tunku. A nan Bature Kilafaton ya iske shi cikin 1824. Gidan sarki yana nan har yau. Kewaye da garin kuwa gandaye ne waɗanda bayi suka noma: dawa, gero, auduga, da taba a fadama, wadda mata kan shafa furenta ga haƙora. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano cikin 1911, sai gyaɗa ta mamaye gonakin, bauta kuwa ba a soke ta ƙaf ba sai 1936.

Abin da ya dame ni, duk wanda na tambaya ya san sarki, amma samari ba su san inda gandu ya tsaya ba, balle waɗanda suka yi gumi a cikinsa. Ga shi ana ta yanka filayen ana gini. Ina roƙon malaman makarantun Ungogo su zauna da tsofaffi, su rubuta abin da suka ji daga kakanninsu.

Wasalam.

Naka,
Malamin Makaranta, Dawakin Tofa.