Dokin Jamus da Ɗalibina na Aji Huɗu

Ya ku ɗalibai da iyayen yara, ina so in ba ku labarin wani kuskure da na daɗe ina yi a aji ban sani ba, da yadda labarin wani doki ya tona mini shi.

Akwai wani yaro da nake koya wa nahawu a aji huɗu. Duk lokacin da na rubuta jumla a allo na ce, "Wannan kalma mene ne hukuncinta?" shi ne farkon ɗaga hannu, kuma da wuya ya kuskure. Har na riƙa buga misali da shi. Da aka yi jarrabawar ƙarshen zango a rubuce, sai ya faɗi warwas. Mahaifinsa ya tako har makaranta ya ce, "Malam, ba kai ka ce mini yaron nan ya fi kowa ba?" Wallahi na rasa abin da zan ce masa.

Ana nan, sai wani abokina da ya karanci ilimin halayyar ɗan Adam a jami'a ya ji damuwata. Ya yi murmushi, ya ce in nemi labarin wani doki mai suna Hans in karanta.

Shi Hans a birnin Berlin ta ƙasar Jamus yake. Mai shi, Wilhelm von Osten, tsohon malamin lissafi ne, kuma ya shafe shekaru yana koya wa dokin nan darasi. In aka ce masa uku da huɗu nawa ne, sai ya buga kofato a ƙasa sau bakwai, ya tsaya. Jama'a suka yi ta tururuwa zuwa kallo. A shekarar 1904 aka naɗa kwamitin mutum 13 a ƙarƙashin Farfesa Carl Stumpf, cikinsu har da likitan dabbobi da hafsan sojan doki da malaman makaranta. Suka duba, suka ce babu ha'inci. Kuma gaskiya suka faɗa, don mai dokin bai yi nufin yaudarar kowa ba.

To, sai wani almajirin Stumpf, Oskar Pfungst, ya sake salon gwajin. Ya gano cewa idan mai tambaya ya san amsar, dokin yana cin kashi 98 cikin ɗari. Idan kuwa shi kansa mai tambayar bai san amsar ba, kashi 8 kawai yake ci. Haka nan in aka kare idon dokin yadda ba zai ga mai tambaya ba, sai ya yi ta buga kofato barkatai. Ashe mai tambaya kan ɗan sunkuya yana kallon kofaton, jikinsa a ɗaure. Da bugun ya kai adadin da ake nema, sai ya ɗan ɗaga kai ba tare da ya sani ba. Wannan ɗan motsi shi dokin yake jira. Pfungst ya wallafa bincikensa a 1907. Von Osten kuwa har ya mutu a 1909 bai yarda ba.

Kada wani ya ce ai dokin ba shi da basira. Dabbar da ta ga abin da ya ɓuya wa mutum 13 masu ilimi, ta yi abin mamaki. Sai dai abin da ta sani daban, abin da aka jingina mata daban. Tun daga nan masu binciken tunanin dabbobi suka ɗauki ƙa'ida: ko dai mai gwaji ya ɓuya, ko kuma kada ya san amsar. Da irin wannan taka-tsantsan ne wani Bajamushe, Otto Koehler, ya nuna daga baya cewa hankaka na iya bambance ƙananan adadi, ba tare da tana kallon fuskar kowa ba.

Da na gama karantawa, jikina ya yi sanyi. Washegari na kira yaron nan, na yi masa tambaya, amma na juya masa baya ina fuskantar allo. Sai na ji ya ce, "Mar..." ya yi shiru. Ashe da can in ya fara "marfu'i" ya ga na gyaɗa kai, sai ya ƙarasa. In ya ga na tara gira, sai ya koma "mansubi" ko "majruri". Fuskata yake karantawa, ba jumlar ba. Laifin kuwa nawa ne, don ni na saba masa da haka, ina kuma yaba masa a kai.

Yanzu in na yi tambaya, nakan kame fuskata har ɗalibi ya kai aya, sannan in ce, "Mene ne dalilinka?" ko da amsarsa daidai ce. Shi yaron mun koma baya tare, daga fa'ili da maf'uli. Ya sha wuya, amma yau yana iya kare amsarsa ko na ɓata rai.

Iyaye, in kuna sauraren karatun yaro a gida, kada ku riƙa motsa baki tare da shi, kada ku yi saurin gyaɗa kai. Ku bar shi ya ƙarasa da kansa. Ku kuma ɗalibai, ranar jarrabawa babu fuskar malam a kan takarda, saboda haka ku nemi fahimta tun yanzu.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin. Wassalam.