Waiwaye: Zamanin Da Ake Musu A Kan Lepski

Duk wanda ya yi sakandaren kwana ko kwalejin horon malamai a Arewa tsakanin 1970 da 1985, da wuya a ce littafin James Hadley Chase bai taɓa ratsawa ta hannunsa ba. Ko bai karanta ba, ya ji ana labarinsa a ɗakin kwana bayan an kashe fitila. Ba ya cikin manhaja, ba a tambaya a kansa ranar jarrabawa, amma ya fi duk littattafan da aka wajabta mana samun masu karatu. Ana sayensa wurin masu baza littattafai a ƙasa a Sabon Garin Kano da na Zariya, da bakin titunan Kaduna da Jos, sabo ko kwance. Mutum ɗaya ke saye, aji guda ke karantawa.

Littafi kan zaga kamar ƙwaryar fura a gona, kowa ya kurɓa ya miƙa wa na kusa. Za ka ji ƙaramin yaro ya rusuna yana cewa, "Siniya, don Allah in ka gama ni ne." A amsa masa, "Akwai mutum uku a gabanka, kuma kwana ɗaya ake ba kowa." Bangon bugun kamfanin Corgi na wancan lokaci yakan zo da hoton Baturiya da bindiga, suturarta ba ta kai ta kawo ba, don haka abu na farko shi ne a lulluɓe shi da tsohuwar Gaskiya Ta Fi Kwabo ko New Nigerian, ko takardar buhun siminti. In littafin ya sha hannu, shafukan ƙarshe ne ke fara zubewa. Sai ka kai inda 'yan sanda suka kewaye gida, ka juya, ka tarar da bango. Dole ka bi ɗakuna kana cigiyar wanda ya karanta shi tun yana cikakke, shi kuma ya ja maka rai, wani lokaci sai ka sayi ƙarshen labari da garin kwaki da sukari.

Chase ya rubuta littattafai kusan 90, da jarumai iri-iri, amma waɗanda suka fi haddasa gardama su ne na birnin Paradise City. Gari ne na attajirai a gaɓar tekun Florida, kusa da Miami, mai gidan caca da manyan otal da jiragen ruwa na shaƙatawa. Inda dukiya ta taru kuwa, ɓarayi ba sa nisa. Daga The Soft Centre na 1964 har zuwa littattafansa na ƙarshe a farkon shekarun 1980, ofishin 'yan sandan garin bai sauya fuska ba. Ga shugabansu Frank Terrell, dattijo mai lofe da sanyin magana. Ga Saje Joe Beigler da ba ya rabuwa da kofin kofi da taba. Ga Fred Hess na sashen kisan kai, ga Max Jacoby ƙaramin cikinsu. Sai kuma Tom Lepski, dogo siriri mai zafin kai, wanda ya fara da ɗan sandan ciki mai daraja ta biyu, kullum hankalinsa na kan ƙarin girma, har ya samu ta ɗaya.

A kan Lepski aka fi rabuwa. Masoyansa suna cewa babu ɗan sanda kamarsa: ba ya tsoron attajiri, ba ya karɓar na goro, in ya kama zare ba ya saki. Wasu har suka ɗauki sunan suka maƙala wa kansu, ana kiransu da shi a filin ƙwallo, wasu kuma ya bi su har bayan sun yi aure. 'Yan adawa kuwa cewa suke yi baki ne kawai da shi. A ganinsu Terrell ne mai kwanyar, Beigler ne mai haƙurin aikin, Lepski sai ihu da buga ƙofa da gudu da mota. Hujjarsu mai ƙarfi ita ce Mehitabel Bessinger, wata tsohuwa mai duba, wadda matar Lepski ke kai wa kwalbar barasar mijinta don ta ba da alamun inda mai laifi yake. Lepski ya yi ta faɗa yana cewa shirme ne, a ƙarshe kuma maganar tsohuwa ta fito daidai. Sai ka ji ɗan adawa ya ce, "To Malam, wannan bincike ne ko bin boka?" Mu da muka tashi cikin masu bugun ƙasa, wannan wurin ya fi ba mu dariya, don ba mu zaci Turawa ma suna yi ba.

Matar tasa, Carroll, ita ma tana da nata magoya baya. Kyakkyawa ce mai iko da gida, mai son mijinta ya zama babba, amma in ta shiga kicin sai hayaƙi ya tashi. Mutumin da 'yan daba ke gani su ɓuya, ya dawo gida a tura shi yankan ciyawa, ko a hana shi shiga falo da takalmi. Samari suna cewa ta raina shi, in su ne da tuni sun ɗauki mataki. Yayyenmu mata da ke makarantun 'yan mata, waɗanda mukan yi musanyar littattafai da su lokacin hutu, ra'ayinsu daban. Sun ce Carroll ce kaɗai macen kirki a duk garin, kuma ba don ita ba da Lepski ya tsufa a daraja ta biyu. Suna da wani ƙorafin da mu ba mu lura da shi ba sai da suka faɗa: a wurin Chase, mace in tana da kyau to maciya amana ce, ita ke jefa namiji a rami saboda kuɗi. Da aka ƙara wayo kuma aka gane yadda yake siffanta baƙar fata da Indiyawan daji da sauran waɗanda ba Turawa ba, sau da yawa da reni. An ji haushi, an yi tsaki, amma ba a ajiye littafin ba.

Gardama mafi daɗi ita ce ta ɓarayi. Chase ba ya ɓoye maka mai laifi. Tun shafin farko yake zaunar da kai cikin masu ƙulla abin, ka ji shirinsu dalla-dalla, har zuciyarka ta koma wajensu ba ka sani ba. A The Way the Cookie Crumbles na 1965, wani wada mai hidima a gidan abinci, Ticky Edris, ya shirya yashe bankin da ake cewa ba a taɓa shi, ta hanyar sauya 'yar wani babban jami'in bankin da wata yarinya ta daban. A Well Now, My Pretty na 1967, Serge Maisky ya tara gwanaye don kwashe kuɗin gidan caca, a ransa kuma ya ƙudura cin amanarsu duka. A Want to Stay Alive? na 1971, Poke Toholo, ɗan ƙabilar Seminole, ya gano cewa tsoro ne mabuɗin aljihun mai kuɗi, ya dinga kisa yana karɓar fansa. Duk shirin da aka yi, komai kyansa, wani ɗan abu da ba a lissafa da shi ba ne ke rusa shi: kwaɗayin abokin tafiya, ko ciwo, ko mace, ko tsautsayi.

Akwai masu jin zafin haka ƙwarai. Za ka ga mutum ya wurgar da littafi kan katifa yana cewa, "Wallahi mutumin nan mugu ne, ko sau ɗaya ya bar su su ci kuɗin mana!" Masu natsuwa a cikinmu, irin waɗanda ke jan salla a masallacin makaranta, sai su ce ai nan ne darasin yake, rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Da wannan hujja ma suke halatta wa kansu karatun. Wasu kuma suka ɗauko wata magana mai nauyi, cewa in an duba da kyau, ba 'yan sandan Paradise City ne ke kama ɓarayin ba, ɓarayin ne ke cinye junansu, Lepski ya zo ya tarar da gawa. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ita ce ta fi ɓata wa masoyan Lepski rai.

Sai rigimar tsofaffi da sababbi. Waɗanda suka fara da No Orchids for Miss Blandish, littafinsa na farko da ya fito a 1939, ko labaran Vic Malloy, ko na ɗan leƙen asiri Mark Girland da ke zaune a Faris, suna ganin Chase ya yi laushi da ya tsufa. Misalinsu shi ne Try This One for Size na 1980, inda ɓarayi suka ɓoye wani hoton addini mai tsada na Rasha a cikin akwatin kwalliyar Carroll, Lepski ya ɗauke shi zuwa Turai hutu bai sani ba, da yake ba a cika binciken kayan ɗan sanda ba. Suka ce an mayar da jarumi abin dariya. Mu 'yan baya kuwa wannan ne ya fi burge mu. Mun riga mun saba da mutanen garin, da Claude Kendrick mai shagon kayan tarihi da hular gashinsa ruwan lemo, da Al Barney mai tumbi da ke zaune bakin teku yana sayar da labari a kan kofin giya. Buɗe sabon littafi ya zama ziyara ce wurin sanannu, kuma abin da dogon jerin labari ke yi wa mai karatu ke nan.

Har kan garin kansa an yi musu. An sha ɗauko littafin taswira na darasin labarin ƙasa, a bi gaɓar Florida da yatsa daga Miami zuwa ƙasa, ana neman Paradise City. Da ba a gani ba sai wani ya ce taswirar ce tsohuwa. Daga baya aka san cewa garin ƙirƙira ne, kuma marubucin ma ba Ba'amurke ba ne. Sunansa na yanka René Lodge Brabazon Raymond, an haife shi a Landan a 1906, ya yi tallan littattafai gida-gida da aikin dillancinsu, ya yi aiki da sojan saman Ingila a Yaƙin Duniya na Biyu. Amurkar da yake rubutawa ya fi saninta ta taswira da ƙamus na zaurancen Amurkawa fiye da ta ido. Ashe shi ma daga nesa yake hango ta, yadda mu muke hangowa daga Katsina ko Bauci. Faransawa sun karɓe shi hannu biyu, kamfanin Gallimard ya fassara shi a jerin Série noire, don haka ɗalibin Damagaram ko Maraɗi da ya yi boko da Faransanci yana iya haɗuwa da Lepski ɗin nan a nasa harshen karatun.

Malamanmu na Turanci su ma ba bakinsu ɗaya ba. Wani in ya kama ka da Chase a ƙarƙashin tebur lokacin karatun dare, ya ƙwace ke nan, yana cewa Turancin 'yan tasha ne, zai lalata maka insha'i. Wani kuma ya kau da kai, don ya san yaron da ya cinye shafi ɗari biyu a dare ɗaya da tocila a cikin bargo ya riga ya kamu da son karatu, gobe zai iya ɗaukar Achebe ko Dickens. Su kansu Turawan sun yi wannan jayayya tun kafin a haife mu, domin George Orwell ya rubuta maƙala a 1944 yana sukar rashin tausayin da ke cikin littafin Chase na farko. Littattafan da aka ƙwace kuwa, akan hango wasunsu a ɗakin malamai, buɗe a hannun wanda ya ƙwace.

Abubuwa da yawa suka haɗu suka kawo ƙarshen zamanin. Chase ya mutu a Suwizalan a 1985. A 1986 gwamnatin Babangida ta shigo da tsarin tattalin arziki na SAP, darajar naira ta faɗi, alhali a 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya. Littafin da ake shigowa da shi daga Ingila ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi. Bidiyo ya shiga gidaje, fim ya ɗauke dare. A daidai lokacin ne kuma marubutan Hausa na Kano da kewaye suka taso da nasu littattafan, shagunan hayar littattafai suka buɗe, al'adar karɓa-karɓa da musu a kan jarumai ta koma can, da harshen gida. Yau an koma karatu a waya, kowa da nasa allon, labari na isowa kafin a nema.

Ba a ce Chase malamin tarbiyya ba ne, kuma ba kowane littafinsa za ka miƙa wa ɗanka ba. Amma ya koya wa tsara guda zama da littafi har a kai ƙarshe, da fitowa a kare ra'ayi da hujja daga cikin abin da aka karanta. Kirana ga marubutanmu shi ne su ba mu namu ɗan sandan ciki, a Kano ko Kaduna ko Yamai, mai ofishi da abokan aiki da iyali da rauninsa irin na ɗan Adam, su riƙe shi littafi bayan littafi har shekara ashirin. Masu karatu suna nan, kuma bakin musu bai mutu ba.